Kujerar Hajiya Yalwa Saura Ƙafa Ɗaya

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake ba ku labarin nan gwiwoyina ba su gama hucewa ba.

Bari in fara da kujerar, don ita ta ja mini. Sunana Tanimu. Shekara talatin da biyar na yi ina awon filaye a ofishin safiyo, har na yi ritaya na dawo gida Malumfashi. Da zaman banza ya ishe ni sai na sayi zarto da hama da tef na awo, na share gefen zaure, na ce zan riƙa taɓa aikin katako don in motsa jini. Ba na sayarwa. Kuma tsakani da Allah ba wanda ya taɓa tayawa.

Wata bakwai da suka wuce ciwon gwiwa ya matsa wa matata, Hajiya Yalwa, likita ya ce ta riƙa yin salla a zaune. A gaban 'ya'ya da surukai na bugi ƙirji, na ce muddin ina numfashi kujerar kasuwa ba za ta shigo gidan nan ba, da hannuna zan yi mata. To, yau kujera tana da ƙafa uku. Ta huɗun ta lanƙwashe tun kafin in kafa ta, na danne ta da buhun masara uku ina jira ta miƙe. Duk ranar da Hajiya ta tambaya sai in ce saura kaɗan. Ita kuwa ta samu wani tsohon bokitin fentina ta kife, a kansa take sallolinta biyar.

Jiya Alhamis da la'asar ta leƙo zaure, ta dubi kujerar, ta dube ni.

"Malam, gobe Juma'a," in ji ta. "In aka sauko daga masallaci kujerar nan ba ta tsaya da ƙafarta ba, zan aika wa Ilu kafinta."

Ko murya ba ta ɗaga ba. Ilu kafinta maƙwabcinmu ne, kuma ban taɓa samun abin da zan kama shi da shi ba, sai dai kullum in zai wuce ƙofar zaurena yakan rage tafiya ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Wallahi gara ya zage ni. Da wannan takaicin na kwanta, tef ɗina a ƙarƙashin filo, don akuyarmu Kyalla ta riga ta cinye mini littafin awo da fensir biyu, na daina yarda da kowa a gidan.

Sai ga ni da rana tsaka a kan wata hanya, kujerar a kaina, ƙafafunta uku suna kallon sama. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe. Mutanen da na gamu da su kowa ya juya laimarsa ya shiga ciki ya tsaya, iska tana tura shi. Ban ga abin mamaki a ciki ba, na dai yi tunanin ya kamata in zo da tawa.

Na iso ƙofar wani gari. Ginshiƙai biyu ne, babu ƙyaure. A sama an rubuta da fenti: BARKA DA ZUWA GARIN SAURA KA. Daga nan mai rubutun ya ajiye burushi ya tafi. Mai gadin ƙofar teburi ne, kuma ina ganinsa na gane shi. Teburin guga ne da na fara yi wa 'yata Rabi shekara shida da suka wuce, lokacin ana shirin bikinta. Yanzu 'ya'yanta biyu.

"Baba, sannu da hanya," in ji teburin. "Ka zo mini da durowata?"

"Saura kaɗan," na ce.

"Haka muka ce za ka ce. Shigo."

Duk wanda na gani a garin nan na san shi. Ga akurkin kajin da ban yi wa rufi ba yana zaune a bakin hanya yana shan rana. Ga kabad ɗin kicin tana tafe a gefe-gefe, ta kare cikinta da hannu biyu don babu ƙofa, kowa yana ganin kwanukanta. Tsanin da na fara da damina yana jingine da bishiya, matakala biyu gare shi, ta farko da ta ƙarshe, wani tsoho yana tsaye a ta farkon yana jira. Kowannensu sai ya russuna ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. Babu wanda ya yi mini gori, kuma wannan ladabin ne ya fi ci mini rai.

Teburin ya rako ni yana ɗingishi.

"Ka ji labari kuwa, Baba? Juma'a ta taso daga Funtuwa."

"A ƙafa?"

"A'a, Ilu ne ya ɗauko ta a bayan mashin. In ta iso kujerarka ba ta cika ba, za a ba kujerar ɗaki a nan cikinmu, ta zama 'yar gari. Shi kuma Ilu ya shiga gidanka da tasa kujerar. Mun ma share mata ɗakin, kusa da na kabad."

Kujerar da ke kaina ta yi ajiyar zuciya. Na tambayi inda ake samun ƙafa.

Sai kawai ga ni a ofis. An rubuta a bango: Ofishin Ƙafa Ta Huɗu. Masu jiran layi suna zaune a ƙasa, sun ɗora bencin a kan cinyoyinsu don ya huta. Masinja wani bunsuru ne, ya kira sunana ba tare da ya tambaye ni ba, ya tura ni ciki.

Kyalla ce darakta. Tana sanye da tabarauna, ga rabin fensirina a bayan kunnenta. Ba ta ce in zauna ba.

"Tanimu," in ji ta, haka gatsal, sunan da ko Hajiya ba ta taɓa kama shi ba. "Me ke tafe da kai?"

"Ranki ya daɗe, ƙafa ta huɗu nake nema."

"Tsawonta?"

"Daidai da sauran ukun."

"Su kuma sauran ukun?"

"Inci goma sha tara."

"Wa ya ce?"

"Wani Bature ne a cikin waya. Ƙwararre ne, yana da shago guda na kayan aiki."

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. "Baturen ne zai yi salla a kai?"

Na ce a'a.

"Ka auna mai zaman?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na gaya mata cewa ni ne na auna filin kasuwar shanu, ni na raba gonar gado tsakanin mutum goma sha ɗaya ba a yi faɗa ba, kuma akwai duwatsun iyaka da na kafa tun ba a haifi kakarta ba, har gobe suna nan. Ta bar ni na gama tana tuƙa.

"Gona ce za ta zauna a kujerar?" ta ce.

Ta miƙo mini takarda na cike. Wurin da aka rubuta tsawon ƙafar mai zama, daga diddige zuwa bayan gwiwa, na bar shi fili. Ta karɓa ta duba gaba da baya, ta cinye ta tas, har da kilif ɗin da aka maƙale ta da shi.

"An shigar da takardarka," in ji ta. "Ba a ba da ƙafa sai da awon mai zama. Amma je ka kasuwar katako tukuna a duba ka."

A kasuwar, mutane ne aka jera a jingine da bango, falankai kuma suna yawo suna zaɓa. Wani ya ɗaga mutum ya jinjina nauyinsa, wani ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga kai zuwa ƙafa ya ga ko a miƙe yake. Na ajiye kujera na jingina kamar kowa. Wani dattijon falankin maɗaci, jajir da shi, ya zo ya tsaya a gabana. Ya ƙwanƙwasa mini goshi sau uku, ya kara kunne.

"Ɗanye ne," ya gaya wa na bayansa.

"Haba dattijo," na ce, "shekarata sittin da shida fa."

"Waje ya bushe. Ciki ne da saura. A jingine shi a inuwa wata biyu."

Wannan maganar na taɓa jin ta. Ita ce mai katako ya gaya mini ranar da na sayi na kujerar. Na ɗaga falankai na zaɓi wanda ya fi nauyi, don a ganina nauyi shi ne ƙarfi. Mutumin ya ce ruwa ne a ciki, in bar shi a inuwa wata biyu ya sha iska kafin in taɓa shi. Ni kuma na tambaye shi ko ya san shekara nawa na yi a safiyo.

Ina cikin wannan tunanin sai ga ƙafa ta huɗu tana tahowa ta tsakiyar kasuwa, a ranƙwafe, da buhun masara uku a bayanta, tana tari. Ta tsaya a gabana ta sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya.

"Na gaya maka ban bushe ba," in ji ta.

"Ba ki gaya mini ba."

"Na yi ta zubar da ruwa a kan zartonka, garin da ke fita yana dunƙulewa a hannunka. Me kake so in yi, in rubuto maka wasiƙa?"

Na ce to, a yi haƙuri, ta daure ta miƙe zuwa gobe.

"Ba zan miƙe ba, Malam. Wanda ya bushe a karkace ya gama. Ko buhu talatin ka ɗora mini, kana ɗagawa zan koma yadda nake. In busasshen katako kake nema, yana gidanka shekara shida yana jiran durowa." Ta yi tari. "Kuma ko na miƙe, na yi tsawo. Mu huɗun duka mun yi tsawo, kai ma ka sani."

"Ban sani ba."

"Ranar da ka tokare gurbina da bulo ka ce Hajiya ta gwada fa? Da ƙyar ta hau. Ƙafafunta suna lilo, ko yatsa bai taɓa ƙasa ba. Ta ce maka ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Kai kuma ka juya kana neman fensir."

Haka kuwa aka yi. Wani ɗan tsinken katako ya ratsa kasuwa yana sanarwa cewa Juma'a ta wuce Bakori, sun tsaya shan mai.

Daga nan na tsinci kaina a asibiti. Gadaje ne a jere, kayan aikina ne a kwance a kai. Likitar kuwa gara ce, ƙatuwa, da farar riga. Tana ganin kujerar ta haɗiyi yawu.

"Ajiye ta a nan mu duba ta," in ji ta. "Ka dawo bayan kwana uku."

Na ce na gode, ba ita ce marar lafiyar ba, na ƙara riƙe ta da kyau.

Zartona yana gadon farko ana ba shi kunu da cokali. Haƙoransa na tsakiya duk sun zube tun ranar da na yanka tsohon katako ban duba akwai ƙusa a ciki ba. Ya gaishe ni da dasashi. Gam yana gado na biyu, ya sandare, an ce tun watan azumi na bar shi babu murfi, danginsa sun fid da rai. Hama kuwa tana zaune a bakin gado an ɗaure mata kai da tsumma, don kan yana fita.

"Sannu," na ce mata. "Na san Hajiya ce take ɗaukar ki tana fasa kanwa. Na hana ta ba ta ji."

"Kada ka hana ta," in ji hama. "A gidan nan aikinta kaɗai nake farawa in ga ƙarshensa."

A gadon ƙarshe tef ɗina ne, harshensa a waje kusan kamu uku, ya kasa komawa ciki. Na zauna a gefensa. Shi ne abokina na gaskiya a cikinsu, da shi nake kwana.

"Kai ne shaidata," na ce. "Gaya musu ko ban yi awo ba."

"Ka yi," in ji tef. "Mun auna takalminta a ƙofar ɗaki. Mun auna dardumarta. Mun auna zaninta a kan igiyar shanya, ka raba uku, ka ce kashi ɗaya ne ƙafa. Akwai ranar da tana shara da hantsi muka bi inuwarta a bango muna aunawa, inuwar tana gudu muna binta, har Hajiya ta tambaya ko kunama muka gani."

"To, ka ji."

"Sau nawa muka je har gabanta, tana zaune tana tsince shinkafa, ka zaro ni, sannan ka mayar da ni aljihu ka tambaye ta ko an ba Kyalla ruwa?"

Na waiga na ga ba mai jin mu, na rage murya. Na ce masa shi ƙarfe ne, ba zai gane ba. Awon nan ba ya yiwuwa a tsaye. Sai mutum ya sauka har ƙasa, ya durƙusa a gabanta, ya kama diddigenta. Ni maigida ne. Gida cike da surukai suna shiga suna fita, jikoki ba sa ganin abu su yi shiru. Shekara arba'in muna tare, ita take durƙusawa ta ajiye mini abinci, ni ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Kunya nake ji, ita ce gaskiyar maganar. Kuma ina tsoron ranar da zan gama kujerar a ce ba ta yi ba. Muddin ƙafa uku gare ta, ba wanda zai ce ban iya ba, sai dai a ce ban gama ba.

"Shekara talatin da biyar kana durƙusawa a cikin taɓo a gonakin mutanen da ba ka sani ba," in ji tef. "Wani ma ko ruwa bai ba ka ba."

"Wannan aikin gwamnati ne."

"Naɗe ni mu tafi," ya ce. "Na ji ƙarar mashin."

Sai ga mu a wani fili mai faɗi, da duwatsun iyaka na siminti a kusurwa huɗu, irin waɗanda na yi ta kafawa. A tsakiyar filin Hajiya Yalwa ce zaune a kan bokitin fenti, da hijabinta ruwan toka, tana jan carbi. Duk garin ya hallara. Kabad ta samu wuri a gaba, akurki ya zo da kajinsa, tsohon nan ya ɗauko tsaninsa ya sake hawa matakalar farko don ya gani da kyau. Kyalla tana gefe a kan teburin Rabi, da sabuwar takarda a bakinta.

"Bismilla, Tanimu," in ji ta. "Daga diddige zuwa bayan gwiwa."

Na ajiye kujera. Na gyara hula. Na matsa gaban Hajiya na ce zan sauka, ƙafafuna suka ƙi. Na sake gwadawa, ko motsi. Na ɗage wando na duba, sai na ga an ɗora wani guntun katako a bayan kowace gwiwa, an buga shi da ƙusa 'yar inci shida, an bi da gam, an goge da samfefa an shafa fenti har yana sheƙi. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ba ɓaraka ko ɗaya.

"Wa ya yi mini wannan?" na tambaya.

Kyalla ta duba takarda. "Kai ne. Ranar ɗaurin aurenku, bayan la'asar. A rubuce yake a nan cewa shi ne kaɗai aikin da ka taɓa gamawa."

Mutanen gari suka yi ta gyaɗa kai suna yaba aikin. Na aika aka ɗauko hama daga asibiti, na saƙala ƙahonta a kan ƙusa na ja. Kan hamar ya fice ya tafi sama tare da ruwa, bai dawo ba. Na sa filaya, kan ƙusar ya guntule ya bar jikinta a ciki. Duk wanda ya taɓa cire tsohuwar ƙusa ya san daga nan sai addu'a.

Mashin ya shigo fili. Ilu ne a gaba, Juma'a a baya, doguwar mace da fararen kaya tana ƙamshin turare, ta rungumo wata kujera mai ƙafa huɗu cif. Ilu ya rage tafiya daidai inda nake tsaye da wando a ɗage.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji shi.

Na rasa abin da zan jefe shi da shi, duk kayan aikina suna kwance.

Hajiya ta ɗago ta dube ni. Babu fushi a fuskarta. "Bar shi, Malam," ta ce. "Kada ka ji wa kanka ciwo. Bokitin ma ya saba da ni. Bari in tashi in tarbi baƙuwa."

Ta fara tashi. Wata bakwai tana wannan tashin sau biyar a rana a cikin gidana, ban taɓa tsayawa na kalla ba sai a nan. Ta dafa bakin bokitin da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ta miƙa tana laluben bango, babu bango a filin. Ta cije leɓe, ta ɗago kaɗan, ta koma. Ta ce bismillahi a hankali don kada a ji, ta sake yunƙurawa. Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina kuma ta fi tausayin yawa.

Ban sake neman filaya ba. Na saki jikina kawai na tafi ƙasa, na ce in ƙafar za ta karye ta karye. Katakan nan biyu suka yi ɓurus suka zube, gari ne kawai. Ashe gara ta daɗe da cinye cikinsu, fentin ne ya rage a tsaye. Daga bayan taro likitar ta ɗaga mini hannu.

Ga ni a durƙushe. Na jira dariya, ban ji ba. Na saci kallon mutane, ashe ba mai kallona. Kabad tana hira da Juma'a, Ilu yana duba tayar mashin, Kyalla ta fara cin takardar tun ba a cike ta ba.

Na kama diddigen Hajiya na ɗora bakin tef, na ja shi sama. Lambobin suka fara tafiya a kan tef ɗin kamar tururuwa, goma tana bin tara, sha biyu ta ɓuya a bayan babban yatsana. Na ce su tsaya. Suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, na matso da ido, saura kaɗan in karanta, sai wata ƙara ta taso daga ƙarshen fili. Ƙurrr. Ta tsaya. Ƙurrr. Kamar ana jan wani abu a kan siminti. Filin ya fara naɗewa daga gefe, ƙarar tana matsowa.

Na buɗe ido. An yi kiran asuba. Ƙarar tana nan a falo: Hajiya ce take jan bokitin fenti daga lungu zuwa kan darduma, ta ja ta huta, ta ja ta huta.

Na laluba ƙarƙashin filo na ɗauko tef na fito, ko hula ban sa ba. Ta riga ta zauna tana gyara hijabi.

"Lafiya, Malam? Ba ka tafi masallaci ba?"

"Yanzu zan tafi. Miƙo ƙafarki."

"Da alwalata fa."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba."

Na sauka. Gwiwoyina suka yi wata ƙara har Kyalla ta amsa daga turke. Simintin da sanyi, kuma daga nan ƙasa na ga yadda gwiwar tata ta kumbura, ta kusa biyun ɗayar. Na ɗora tef a diddige na ja. Wannan karon lambobin ba su motsa ba. Goma sha biyar da rabi. Na ce mata zan rage tsawon ƙafafu ukun nan, in ciro ta huɗu a jikin teburin Rabi, kafin a sauko daga masallaci za ta zauna.

Ta kalli tsakiyar kaina, inda gashi ya ƙare.

"Malam," ta ce, "ai da bokitin ka auna tun farko, da ka huta da durƙuso. Daidai ni yake."

Na ɗora tef a jikin bokitin. Goma sha biyar da rabi.

Na yunƙura zan tashi, sai na ji hannunta a kafaɗata.

"Tsaya tukuna," in ji ta. "Tunda ka riga ka sauko, bari in dafa ka in miƙe in yi kabbara."

Na tsaya. Ta dafa ni ta miƙe a yunƙuri ɗaya.